Masallacin Juma'a Na Zariya Da Maginin Da Ya Gina Shi

Sa'ad da na fara zuwa birnin Zariya, shekaru da dama ke nan, wani dattijo da ya saukad da ni ya ce, "Malam, in ka koma gida ba ka shiga masallacin Juma'a ba, kada ka ce wa kowa ka zo Zazzau." Bayan sallar hantsi muka tafi Ƙofar Fada. Da na hango ginin daga waje sai na ji gwiwata ta yi sanyi, gama siminti ne irin na zamani, wanda ba garin da ba za ka ga irinsa ba. Dattijon ya yi murmushi, ya ce in tuɓe takalma tukuna. Ashe tsohon masallacin yana ciki, sabon ya lulluɓe shi kamar yadda kwasfa ke lulluɓe gyaɗa.

To, kafin in ba ku labarin abin da na gani, ya kamata mu waiwayi asalinsa. Malam Musa ne ya karɓo tuta daga wajen Shehu Usmanu, ya ci Zariya, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Bayan Malam Musa sai Yamusa, bayan Yamusa sai Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A zamaninsa aka gina masallacin. Jihadi ya riga ya kafu, gari ya cika da malamai da almajirai, ya zama dole a sami wurin da zai ɗauki jama'a ran Juma'a, ya kuma dace da darajar sabon mulki.

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Muhammadu Durugu, waɗansu kuwa Malam Mika'ilu suke ce masa, amma sunan da ya bi shi har kabari shi ne Babban Gwani. Har wa yau akwai unguwa a cikin birnin da ake kira da wannan suna.

Da na shiga, abin da ya fara kama ni sanyi ne, alhali a waje rana ta fara dukan ƙeya. Sa'an nan idona ya saba da duhun wurin, na ɗaga kai. Ginshiƙai ne manya manya na ƙasa, kowane mutum biyu ba su rungume shi. Daga kansu bakan gizo ya tashi, wannan ya tarye wancan, suka sarƙe a sama, tulluwa ta zauna bisa kansu. An yi wa ginshiƙan zane na tsaye da na kusurwa, ba mai yawa ba, daidai yadda ba zai ɗauke hankalin mai salla ba. Ni dai a ganina wannan kamun kai ya fi dukan sauran gwanintar wuya, don mai hannu bai cika son ɓoye hannunsa ba.

Mai karatu zai ce, yaya aka yi ƙasa ta tsaya a sarari haka, ba ƙarfe, ba dutse? Asirin yana ga azara. Ita azara itacen giginya ce da aka faskare, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nauyi in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. Saboda haka ɗaki na azara zalla ba ya faɗi. Dabarar magina ita ce su kafa azara cikin ginshiƙi ta ɗan leƙo, su ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, suna yi suna yaɓe da ƙasa, suna jira ta bushe, har ƙafar nan ta gamu da 'yar'uwarta wadda ta taso daga ɗaya gefen. Watau abin da ido ke gani kamar baka ɗaya, a ciki guntaye ne da aka jera bisa juna da lissafi. Bangon kuwa da tubali aka tā da shi, irin mai kan tsini da ake shanyawa a rana, rufin kuma a shafe shi da abin da zai hana ruwa zama, kamar makuba da katsi. Babban Gwani bai ƙago waɗannan ba, ya gāje su ne, amma ya kai su inda ba a taɓa kai su ba.

Ba ɗakin salla kaɗai ya gina ba. Akwai haraba da ganuwa, da zaurukan shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a. Akwai kuma labarin da ake bayarwa, wai da ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Irin wannan labari ana jingina shi ga gwanaye a ƙasashe da yawa, ni kuwa na ɗauke shi yabo ne da aka yi masa a bai-bai.

Wani Bature masanin gini, mutumin Folan, ana ce da shi Dmochowski, ya auna masallacin ciki da bai, ya zana shi a takarda, daga baya aka gina irinsa a gidan adana kayan tarihi na Jos. Cikin shekarun 1970 aka yi sabon ginin nan da ya rufe tsohon, waɗansu sassa na aikin farko suka tafi a lokacin.

Ran Juma'a, 11 ga Agusta 2023, jama'a na cikin sallar la'asar, wani sashe na tsohon rufin ya rufto musu. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, waɗansu da dama suka ji rauni. Allah Ya jiƙansu. Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya ce an ga tsagewa a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana cikin shirin kiran masu gyara. Da labarin ya iske ni, sai na tuna da dattijon nan, yadda ya dafa wani ginshiƙi kusa da alƙibla, ya ce a nan mahaifinsa ke tsayuwa, a nan kuma kakansa ya tsaya.