Hasumiyar tace ɗanyen mai: Yadda take aiki, da abin da ke tsayar da ita

Duk gangar ɗanyen man da ta shiga matata, ko a Kaduna ne, ko a Damagaram, ko a Teksas ta Amurka, ƙofa ɗaya take fara bi, wato sashen da ake dafa man domin a rarrabe shi. Idan wannan sashe ya tsaya, sauran sassan matatar ba su da abin da za su yi aiki da shi.

Wannan ne ya sa injiniyoyi ke auna lafiyar matata da tambayoyi biyu: kwana nawa sashen ke yi yana aiki ba tare da tsayawar ba-zata ba, kuma makamashi nawa yake ci kafin ya tace ganga ɗaya mai lita 159?

Yadda ake rarrabe man

Ɗanyen mai haɗaka ce ta ɗaruruwan sinadarai, kowanne da zafin da yake tafasa a kai. A kan wannan bambanci aka gina aikin baki ɗaya.

Ana tura man ta cikin bututai zuwa wani ƙaton tanderu, inda zafinsa ke kaiwa digiri 350 zuwa 370 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan sai ya faɗa gindin wata doguwar hasumiya ta ƙarfe, wadda a matatu da yawa tsawonta kan kai mita 50, an kuma jera faifai masu huji 30 zuwa 50 a cikinta, hawa-hawa.

Gindin hasumiyar ya fi zafi, samanta ya fi sanyi. Yayin da tururin man ke hawa, kowane sinadari kan koma ruwa a hawan da ya dace da shi. Iskar gas da nafta, wadda daga ita ake yin fetur, sukan fita ta can ƙololuwa. Kananzir da man jirgin sama na biye, sai man dizal a ƙasa da su. Abin da ya ƙi tashi kuma shi ne baƙin mai mai kauri da ke taruwa a gindi.

Ba a ƙara wa tanderun wuta domin a tilasta wa wannan ragowa ta tashi, saboda idan zafin ya doshi digiri 400 sai man ya fara ƙonewa yana zama gawayi a cikin bututai. Maimakon haka, sai a kai ragowar wata hasumiya ta biyu da aka zuƙe iskar cikinta. Inda matsin iska ya ragu, ruwa kan tafasa da wuri. Ko a Jos, da ke kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, ruwan shayi na tafasa ne a wajen digiri 96. A wannan hasumiya ta biyu ake samun man da ake sarrafawa ya zama ƙarin fetur da dizal da man giris, sai kuma kwalta.

Gishiri da tsatsa

Babban abokin gabar sashen ba a ganinsa da ido. Ɗanyen mai kan taso daga rijiya da ruwan gishiri da yashi da laka, kuma idan gishirin ya sha zafi, musamman mai ɗauke da sinadarin magniziyam da kalsiyam, sai ya saki wani asid mai cin ƙarfe. Asid ɗin kan bi tururi ya hau sama, ya narke a ɗigon ruwan farko da ya taru a bututan ƙololuwar hasumiya, ya shiga cinye su daga ciki.

Maganin farko shi ne wanki. Kafin man ya kai ga tanderu, ana gauraya shi da ruwa mai tsabta, kimanin kashi 5 cikin 100 na yawansa, a ɗumama shi zuwa digiri 120 ko 150, sannan a bi da shi ta wata tukunya mai ƙarfin lantarki da ke haɗe ɗigon ruwan su nutse ƙasa tare da gishirin. Idan tukunyar na aiki sosai, tana cire fiye da kashi 90 cikin 100 na gishirin. Bayan haka akan zuba wasu sinadarai masu kashe kaifin asid, a kuma riƙa ɗibar ruwan ƙololuwa ana gwadawa a kai a kai.

Aiki ne da ba ya ɗaukar hankalin baƙo idan ya zo ziyara, amma matatar da ta yi sakaci da shi takan biya bashin bayan watanni, a wani wuri dabam da ba ta yi tsammani ba.

Akwai kuma farar wuta, wadda ke cin ƙarfe a wuraren da zafi ya haura digiri 230 zuwa 260. Ɗanyen man Najeriya irin su Bonny Light ba shi da ita da yawa, ba ta kai kashi 0.2 cikin 100 ba, abin da ya sa matatun Turai da Amurka suka daɗe suna rububinsa. To amma man Doba na Chadi da Dar Blend na Sudan ta Kudu sun yi suna wajen yawan wani asid na daban, wanda ke buƙatar bututai na ƙarfe na musamman, ko kuma a surka su da wani man kafin a dafa.

Darasin Richmond da na Teksas

Ranar 6 ga Agustan 2012, wani bututu ya fashe a sashen dafa ɗanyen mai na matatar Chevron da ke Richmond a jihar Kalifoniya. Tururin mai ya lulluɓe ma'aikata 19, waɗanda suka sha da ƙyar, kuma mutane kusan 15,000 na yankin suka nemi magani a asibitoci saboda hayaƙin gobarar.

Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa farar wuta ta cinye kusan kashi 90 cikin 100 na kaurin bututun, wanda aka sanya tun 1976. Guntun da ya fashe an ƙera shi ne da ƙarfen da ba shi da isasshen sinadarin silikon, saboda haka ya fi maƙwabtansa saurin lalacewa, alhali wuraren da ake aunawa na nuna cewa babu matsala. Hukumar ta ce injiniyoyin kamfanin sun ba da shawarar a binciki kowane guntu ko a sauya bututun, amma ba a aiwatar ba. Kazalika, da aka ga ya fara yoyo a ranar, an yi ƙoƙarin gano bakin zaren ne ba tare da an kashe sashen ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na matatar BP da ke Texas City, ranar 23 ga Maris na 2005, inda mutane 15 suka mutu, wasu 180 suka jikkata. Hasumiyar da abin ya shafa ba ta ɗanyen mai ba ce, ta rarrabe kayan haɗa fetur ce, amma tsarin aikinsu ɗaya.

Ana cikin tayar da ita ne bayan gyara. An yi sa'o'i kusan 3 ana ɗura mata mai ba tare da ana fitarwa ba, har ya kai kusan mita 48 a hasumiyar da tsawonta mita 52 ne, yayin da ma'aunin da ke ɗakin kula da na'urori ke nuna ƙasa da mita 3. Ƙararrawa ta biyu da ya kamata ta yi gargaɗi ba ta yi ƙara ba. Man ya yi ambaliya ta wani bututun fitar da iska, ya kama da wuta. Waɗanda suka mutu suna ciki ko kusa da wasu ofisoshin wucin gadi da aka ajiye daf da wurin.

Tun daga lokacin aka ƙara tsaurara ƙa'idoji kan nisan ofisoshi daga sassa masu haɗari, da gwajin ma'aunai, da kuma sa'o'in aikin ma'aikata. Haɗarin ya kuma tabbatar da abin da masana suka daɗe suna faɗa, cewa lokacin kunnawa da kashewa ya fi lokacin aiki na yau da kullum haɗari nesa ba kusa ba.

Inda makamashi ke zurarewa

Sashen dafa mai na daga cikin mafiya cin makamashi a matata. An ƙiyasta cewa yakan ƙone abin da ya kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na man da yake tacewa. A matata mai ganga 100,000 a rana, wannan na nufin ganga 1,000 zuwa 2,000 kullum.

Da adadin ya fi haka, ba domin dabarar musayar zafi ba. Dizal da baƙin mai kan fito daga hasumiya da zafi ƙwarai, kuma dole a sanyaya su kafin a adana. Shi kuwa ɗanyen mai yana shigowa da sanyi. Sai a bi da su ta bututai masu jingine da juna, mai zafi ya ɗumama mai sanyi ba tare da sun gauraya ba. Ta haka man kan kai digiri 250 ko fiye kafin ya ga wuta. A ƙarshen shekarun 1970, wani injiniya mai suna Bodo Linnhoff da abokan aikinsa a Birtaniya suka fito da hanyar lissafa mafi ƙarancin makamashin da masana'anta ke buƙata, da yadda za a jera na'urorin musayar zafin domin a kusanci wannan adadi. Har yanzu da ita ake amfani.

Matsalar ita ce ƙanzo. Kamar yadda tuwo ke kamawa a gindin tukunya, haka dauɗar mai ke manne wa cikin bututan, ta hana zafi wucewa. Kullum man na isa tanderu da ɗan sanyi fiye da jiya, ana ƙara wuta domin cike giɓin, har ta kai tanderun ya ƙure ƙarfinsa, dole a rage yawan man da ake tacewa. Matatun da suka san abin da suke yi sukan sa wa na'urorin hanyar ratse, ta yadda za a ware ɗaya a wanke ta sauran na aiki. Suna kuma lura da irin man da suke haɗawa, domin akwai nau'o'in da idan suka haɗu sukan zubar da dauɗa fiye da kima.

A tanderun kansa, iskar da ta wuce buƙata asara ce, domin ɗumama ta kawai ake yi ta fice ta bututun hayaƙi. Daidaita ta, da amfani da zafin hayaƙin wajen ɗumama iskar da ke shigowa, kan kai ingancin tanderu kashi 90 cikin 100.

Wata asarar kuma ba ta wuta ba ce. Idan faifan hasumiya suka karye ko suka toshe, dizal mai tsada kan zurare cikin baƙin mai mai araha. Tun shekarun 1980 manyan matatu ke amfani da kwamfuta wajen daidaita zafi da matsi minti bayan minti, sannan akwai na'urar da ke haska cikin hasumiya daga waje, a ga faifan da ya faɗi ba tare da an buɗe ta ba.

Halin da ake ciki a yankin

Matatun gwamnatin Najeriya huɗu ne: tsohuwar ta Fatakwal ta 1965, ta Warri ta 1978, ta Kaduna ta 1980, da sabuwar ta Fatakwal ta 1989. A takarda, jimillar ƙarfinsu ganga 445,000 ne a rana, adadin da suka shafe shekaru masu yawa ba su ko kusance shi ba.

Ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, tana da sassan dafa mai biyu. Ɗaya na man gida ne mara nauyi, ɗayan kuma an tsara shi ne domin mai nauyi da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Saudiyya, saboda a samu man giris da kwalta. Dukkansu sun dogara ne da bututu mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga gaɓar teku. Lokacin da 'yan bindiga suka fasa bututun Escravos a Fabrairun 2006, matatun Warri da Kaduna sun zauna babu ɗanyen mai har zuwa farkon 2008.

Irin wannan zama ba hutu ba ne ga ƙarfe. Laima kan shiga, tsatsa ta kama, famfuna su ƙage. Haka kuma hasumiyar da aka gina domin ganga 60,000 ba ta rarrabe mai da kyau idan aka ba ta ƙasa da rabin hakan, domin tururin ba ya da ƙarfin riƙe ruwan da ke kan faifai. Ga shi kuma babban gyaran garambawul, wanda matatun duniya ke yi duk bayan shekara 4 zuwa 6, an sha ɗage shi a Najeriya har ya wuce lokacinsa da shekaru.

A 2021 gwamnati ta amince da dala biliyan 1.5 domin farfaɗo da matatar Fatakwal. Tsohon sashen ya koma aiki a Nuwamban 2024, aka sake rufe shi a Mayun 2025 domin gyara.

Maƙwabta ma sun ɗanɗana. A Janairun 2017 wani sabon tanderu ya fashe a matatar Tema ta Ghana, lamarin da ya rage ƙarfinta daga ganga 45,000 zuwa kimanin 28,000 a rana. A ƙarshen Mayun 2019 gobara ta cinye wasu sassan matatar Sonara da ke Limbe a Kamaru, ta tsayar da tace mai a ƙasar. A Nijar kuwa, matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da haɗin gwiwar kamfanin CNPC na Sin, ƙarama ce mai ganga 20,000, kuma tana samun manta ne ta bututu daga rijiyoyin Agadem.

Matatar Dangote da ke Lekki a Legas, wadda ta fara fitar da dizal da man jirgi a farkon 2024, fetur kuma a Satumban shekarar, ta bi wata hanya dabam. An gina ta da ƙarfin ganga 650,000 a rana a kan hasumiya guda ɗaya tal, mai tsawon kimanin mita 112 da nauyin fiye da tan 2,000, wadda aka ƙera a Sin aka kawo ta jirgin ruwa a 2019. Hasumiya ɗaya babba ta fi ƙanana biyu ko uku arahar gini da tsimin makamashi a kan kowace ganga. Sai dai duk ranar da aka kashe ta domin gyara, babu ta biyu da za ta karɓi aikin, kuma sauran sassan matatar za su dogara ne da abin da aka tara a tankuna ko aka sayo daga waje.