Maita a Gaban Kwamanda: Zargi da Shari'a a Ƙasar Mandara Zamanin Turawa

Matafiyin da ya bar Mora ya fuskanci iyakar Nijeriya zai ratsa Kolofata, in ya ƙara gaba ya isa Kerawa, tsohon mazaunin sarakunan Wandala, waɗanda muka fi sani da Mandara. A yau garin Kerawa biyu ne, ɗaya a Kamaru ɗaya a Nijeriya, alhali dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, maƙabartar kakanni ɗaya. Jamusawa ne suka fara mallakar wannan ƙasa: sun ci Garwa a 1901, suka ci Marwa a farkon 1902, sannan Mandara ta shiga hannunsu. A Yaƙin Duniya na Farko wani hafsansu, von Raben, ya ƙi sauka daga dutsen Mora tun daga 1914 har Fabrairun 1916. Da ya miƙa wuya, Ingila da Faransa suka raba ganima, yarjejeniyar 1919 ta tabbatar da layin. Kolofata da Mora suka faɗa hannun Faransa, Gwoza da Bama da Dikwa suka faɗa hannun Ingila. Wannan layi ya raba gonaki da aurarraki, ya kuma raba amsar wata tambaya da ta dami kowane ƙauye: idan aka ce wance mayya ce, wane ne mai laifi a gaban hukuma, ita ko wanda ya faɗa?

Kafin a kai ga kotu, ya kamata ɗalibi ya tsaya kan kalmomin, domin a kansu rikicin ya faro. Bahaushe bai haɗa maita da sihiri a kwarya ɗaya ba. Sihiri, ko sammu, ko asiri, aiki ne da ake yi da hannu: a je wurin boka ko wani malamin tsibbu, a biya, a binne laya a bakin ƙofa, ko a zuba wa mutum wani abu a tuwo. Akwai kaya, akwai wanda ya sa, akwai wanda ya yi. Maita kuwa, a fahimtar mutane, hali ce da ke zaune a cikin jiki. Ana cewa maye yana da ƙanƙara a ciki, wadda ya sha a nonon uwa ko ya saya, kuma da ita yake ganin kurwar mutum ya kama, wanda aka kama ya dinga ramewa har ya mutu in ba a sako shi ba. Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike a ƙasar Maraɗi, ta rubuta yadda Hausawan can ke bayyana waɗannan duwatsu na cikin maye da yunwarsu. Fulanin Garwa da Marwa su ma suna da kalmarsu, kaaramaajo, ga mai cin kurwa. To, duk wannan bambanci tafinta yakan dunƙule shi ya miƙa wa kwamanda da kalma ɗaya ta Faransanci, sorcellerie. Mai sammu ana iya tono layarsa a ajiye a kan tebur. Maye fa, me za a ajiye?

Mutanen ƙasa suna da hanyoyinsu tun kafin zuwan Bature, kuma ba iri ɗaya ba ne. A ƙasar Hausa, idan mara lafiya ya kama sunan wani cikin zafin ciwo, akan taso wanda aka ambata a tilasta masa ya tsallake majinyacin domin ya saki kurwar, sau da yawa bayan an tuɓe shi a gaban jama'a. Akwai sarkin mayu, wanda aikinsa gane maye da karɓo kurwa. Akwai kuma shan gwaska: a jiƙa ɓawon itacen, wanda guba ne, a ba wanda ake tuhuma, in ya amayar ya kuɓuta, in ya faɗi an ce gaskiya ta kama shi. A kan duwatsun Mandara, inda yawancin jama'a ba Musulmi ba ne a lokacin, masu duba ne ke nuna inda ciwo ya fito, kamar maƙeran Kapsiki da ke duba da ƙaguwa. A gefe guda kuma ga alkali. Mandara daular Musulunci ce tun ƙarni na 18, kuma fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, ya yanke wa mai sihiri hukuncin kisa. Sai dai alkali yana neman shaidu adalai ko iƙirari, mafarkin majinyaci kuwa ba shaida ba ne. Saboda haka zargin maita ya fi ƙarewa a ƙofar mai unguwa ko a dandali, da tsallake, ko duka, ko kora daga gari.

Kada ɗalibi ya ɗauka waɗannan hanyoyi wani adalci ne mai sanyi da Bature ya zo ya rushe. Wanda yatsa ya fi nunawa shi ne mara gata: tsohuwar da 'ya'yanta suka mutu, kishiya, baiwa ko 'yantacciya, baƙon da ba shi da dangi a gari. Ba kasafai kurwa ke kama sunan mai doki ba. Amma ta fuskar masu zargi, abin tsoro ne na gaske, ɗansu ne kwance, kuma Hausawa sun ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Turawan da suka zo sun riga sun gama nasu yayin ƙona mayu da rataye su. A Faransa, dokar sarki Luwi na 14 ta 1682 ta mai da lamarin ya zama na yaudara da guba. A Ingila, dokar 1735 ta daina hukunta maita, ta koma hukunta mai riya cewa yana da irin wannan iko. Jikokin waɗannan mutane ne suka zauna a kujerar shari'a a Afirka, da tabbacin cewa ba wanda ke cin kurwar wani. Hukumar da ta ce laifi babu shi, ba ta da yadda za ta hukunta mai shi.

Ingilishi sun bi wannan tunani har ƙarshensa. Kundin laifuffuka da aka kafa a Nijeriya ta Arewa a 1904, zamanin Lugga, wanda aka shimfiɗa wa dukkan Nijeriya a 1916, ya haramta shari'ar gwaji, ya ambaci gwaska da tafasasshen mai da wuta da jefa mutum a ruwa. Wanda ya jagoranci irin wannan gwaji har rai ya salwanta, hukuncinsa kisa. Sashe na 210 kuma ya tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya nuna kansa maye ne, haka nan ga wanda ya zargi wani da maita ko ya yi barazanar zarginsa. Kotunan alkalai da na En'e sun ci gaba da aiki da shari'a da al'ada, amma da sharaɗin kada hukunci ya saɓa wa abin da Razdan ke kira adalci da tausayi, kuma Di'o yana da ikon duba littafinsu ya soke. A idon talaka, ma'anar wannan a fili take: ka kai kuka an ci maka ɗa, a ɗaure ka, mayya ta koma gida tana dariya. Daga nan maganar da aka ji a sassa da dama na Afirka ta samo asali, cewa Bature ya zama garkuwar mayu.

Shari'ar da ta fi tona wannan tsaka mai wuya a Kenya aka yi ta. A 1932 kotu ta gurfanar da mutum 70 'yan ƙabilar Kamba kan kashe wata mata mai suna Mwaiki da suka ce ta kama matar ɗayansu, ta yanke wa 60 hukuncin kisa. Ba su yi musu ba, domin a ganinsu aikin gayya suka yi. Daga baya gwamna ya sassauta hukuncin zuwa ɗauri. Doka ta ce kisan kai ne, siyasa ta ce ba a rataye samarin gari guda, sai aka rabu kowa yana ƙorafi.

A ɓangaren Kolofata tsarin ya sha bamban. Faransawa sun bar Sarkin Mandara a Mora da lamiɓe a Garwa da Marwa, amma sun rage musu ikon hukunci, suka tattara shi a hannun kwamanda. Dokar 31 ga Yulin 1927 ta tsara kotunan 'yan ƙasa mataki-mataki, inda jami'in Faransa ke shugabanta, dattawan gari na zaune gefensa suna gaya masa abin da al'ada ta ce, shi kuma ya ɗauki wanda bai saɓa wa wayewar Faransa ba, a nasa ma'aunin. Ban da kotu, akwai dokar talakawan mallaka da suke kira indigénat, wadda ta ba kwamanda damar tsare mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Mutum ɗaya ne mai karɓar haraji, mai tara 'yan aikin tilas, mai bincike, mai yanke hukunci. Abin da ke gabansa kuwa kada gari ya rikice haraji ya tsaya. Ko maita gaskiya ce ko ƙarya, wannan bai hana shi barci ba.

A nan ne ya kamata mai karanta takardun mulkin mallaka ya yi hattara. Magana ba ta isa ofishin kwamanda sai ta riga ta lalace: an kashe, ko an ƙona bukka, ko wani ya mutu a wurin gwaji. A rajista sai a rubuta kisan kai, ko duka, ko ba da guba, ko damfara. Watannin da aka yi ana raɗe-raɗi, da zuwa wurin mai duba, da sulhun da mai unguwa ya gwada ya kasa, duk ba sa shiga takarda. Abin da ya shiga ma ya bi ta bakin mutum biyu ko uku, daga harshen dutse zuwa Wandalanci ko Fulatanci, daga nan zuwa Faransanci, kuma kowane tafinta yana da dangi da abokan gaba a garin. Wanda ya ƙirga shari'o'in maita a rajista ya ce ga yawan zargin da aka yi, ya ƙirga hayaƙi ne ya bar wutar. Ga kuma iyaka a kusa: wanda gari ya yi wa zafi a wannan gefe, tafiyar yini ɗaya ta kai shi ƙarƙashin wata tuta da wata doka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka juya da sauri. A 1946 aka soke indigénat da aikin tilas, dokar 30 ga Afrilun wannan shekara kuma ta kawar da kotunan 'yan ƙasa a fannin laifuffuka, aka ce kowa a yi masa hukunci da kundin Faransa. Nan take giɓi ya bayyana, domin kundin da aka rubuta don mutanen Faris bai san maye ba. Sai dokar 19 ga Nuwamban 1947 ta cusa sabon tanadi a sashe na 264, wanda ya hukunta duk mai yin ayyukan sihiri ko tsafi ko bokanci na yaudara da ka iya dagula zaman lafiya ko cutar da mutane ko dukiyarsu. A dubi lafazin da kyau. Bai ce maita gaskiya ce ba, bai kuma ce ƙarya ce ba. Masu rubuta shi mai yiwuwa boka mai cin kuɗin jama'a suke hange, amma sun bar ƙofa a buɗe, domin cewa aiki yana iya cutar da mutum ya isa alƙalin da ya yarda da maita ya ce to ga cutar nan. A ganina wannan shi ne babban bambancin gadon da ƙasashen biyu suka ci: dokar Ingila ta sa ido kan bakin mai zargi, ta Faransa ta sa ido kan hannun wanda ake zargi.

Sai a kwatanta da tsohuwa guda, a ce jikan maƙwabcinta ya mutu an kama sunanta, a shekarun 1950. In a Kerawar yamma take, a bisa takarda tana da ikon kai ƙarar wanda ya kira ta mayya. In a ta gabas take, mai zarginta yana da sashen da zai rataya kukansa a kai. A aikace, ko ina take, abin da ya fi yiwuwa shi ne ta ɗaure ƙullinta da dare ta nufi wurin wani ɗan'uwa, don doka tana Mora ko Bama, maƙwabta kuwa suna bayan zana.

'Yancin kai bai share wannan ba. Kamaru ta Faransa ta samu mulkin kanta ranar 1 ga Janairun 1960, yankin arewa da Ingila ke riƙo kuma ya zaɓi Nijeriya a ƙuri'ar Fabrairun 1961, ya zama Lardin Sardauna. Kundin Penal Code na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya riƙe haramcin gwaji da na zargin mutum da maita. Kundin Kamaru na 1967 kuwa ya ɗauko lafazin 1947 kusan yadda yake ya sa a sashe na 251, da ɗaurin shekara 2 zuwa 10 da tarar faran 5,000 zuwa 100,000. A shekarun 1980, kamar yadda Cyprian Fisiy da Peter Geschiere suka nuna daga takardun kotun Bertuwa a gabashin ƙasar, alƙalan gwamnati suka shiga ɗaure mutane kan maita ita kanta, hujjarsu kuwa sau da yawa shaidar boka ce, wato mutumin da aka rubuta dokar don a kama shi ya dawo kotu a matsayin gwani mai ba da shaida. Da aka sake kundin a 2016 an bar sashe na 251 a wurinsa, kuma shi ne dokar da ke kan mutumin Kolofata a yau.