Woodward da rigimar kinin

Duk wanda ya taɓa kwanciya da masassarar cizon sauro aka ɗura masa kinin ya san ɗacinsa. Kinin yana cikin dangin sinadaran da masana ke kira alkaloyid, waɗanda tsirrai ke sarrafawa a jikinsu, masu ɗauke da nitrojin. Kafeyin da ke cikin goro da nikotin na taba duk ƴan gidan ne. Daga ɓawon itacen sinkona na duwatsun Andes ake samunsa, kuma Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, su ne suka fara tace shi a Paris a shekarar 1820. Tarihinmu ma bai kuɓuta daga gare shi ba: a 1854 likita William Baikie ya haura Kwara da Binuwai cikin jirgin ruwa, mutanensa suna shan kinin kullum, ya komo ba Bature ko ɗaya da masassara ta kashe. Daga nan hanyar shiga ƙasashenmu ta yi wa Turai sauƙi.

Tace magani daga itace daban, haɗa shi tun daga tushe a ɗakin gwaji daban. A 1856 William Perkin, yaro ɗan shekara 18, ya gwada a Ingila. Bai sami kinin ba, sai ya ɓuge da gano wani rini mai launin shunayya wanda ya azurta shi. Wahalar tana cikin siffar ƙwayar: wurare huɗu gare ta inda kowanne ke iya juyawa dama ko hagu, ke nan siffofi 16, ɗaya tak ita ce kinin.

A 1942 Japan ta mamaye tsibirin Jaba, inda mafi yawan kinin na duniya ke fitowa. Cikin wannan matsi ne Robert Burns Woodward, haifaffen Boston a 1917, wanda ya sami digirin dakta yana da shekara 20, ya duƙufa a jami'ar Harvard tare da William Doering, kamfanin Polaroid yana ɗaukar nauyinsu. A 1944 suka ba da sanarwar haɗa kinin. Jaridun Amurka suka yi ta kirari, alhali hanyar ta yi tsawo da tsada, ba sojan da ya warke da ita. Wasu magungunan da aka haɗa a ɗakin gwaji su ne suka cike giɓin, kulorokin kuwa, wanda muka sani da sunan Nivaquine, sai bayan yaƙin ya bazu.

Amfanin aikin a wani wuri yake. Woodward ya nuna cewa ana iya tsara ginin ƙwaya mai sarƙaƙiya a takarda, mataki bayan mataki, kafin a taɓa kwalba. Ya maimaita hakan da sitirikinin a 1954, da risafin, maganin hawan jini, a 1956, ya karɓi lambar Nobel a 1965, ya rasu a 1979. Ɗalibansa da masu taya shi bincike ɗaruruwa ne, sun warwatsu cikin jami'o'in duniya.

Sai dai akwai wani ƙulli. Woodward da Doering ba su kai ga kinin da hannunsu ba. Sun tsaya ne a kan wani sinadari mai suna kinotoksin, suka dogara da rahoton Jamusawa biyu, Paul Rabe da Karl Kindler, waɗanda a 1918 suka ce sun mayar da shi kinin cikin matakai uku, ba tare da sun rubuta cikakken bayanin yadda suka yi ba. A 2001 Gilbert Stork na jami'ar Columbia, bayan ya kammala nasa haɗin wanda ya sarrafa kowace juyawa ta ƙwayar, ya fito fili ya ce nasarar 1944 ba ta tabbata ba. A ganina Stork bai yi laifi ba da ya tambaya. Shekaru fiye da 50 ana koyar da abin a azuzuwa.

Masanin tarihin kimiyya Jeffrey Seeman ya bi tsoffin takardu da wasiƙu, ya kare Rabe a 2007. Shekara ɗaya bayan haka Aaron Smith da Robert Williams na jami'ar jihar Kolorado suka maimaita matakan uku da dabarun da ake da su a zamanin Rabe. Da sabon garin alminiyom, ɗan kaɗan kawai suka samu. Da suka yi amfani da garin da ya sha iska, irin wanda ya daɗe a ajiye, sai ga kinin ya fito. Doering, wanda ya rasu a 2011, yana raye aka buga sakamakon.