Daga Shagari Zuwa Bariki: Yadda Digiri Ya Iske Soja a Bakin Aiki

Duk wanda ya taso daga Tambuwal zai shiga Sakkwato, sai ya ratsa ta Shagari. A wannan gari aka haifi Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta da ya koyar a Sakkwato da Argungu kafin siyasa ta ɗauke shi. Shi ne ya sa hannu a dokar kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya a 1983, domin ma'aikacin da ba zai iya ajiye aikinsa ya koma aji ba.

Babu ma'aikacin da wannan siffa ta dace da shi kamar soja. Yau yana barikin Giginya, gobe an tura shi Maiduguri, jibi Laberiya. Wace jami'a ce za ta jira shi?

A zamanin Turawa, yaran ƙasar Hausa da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, da yawansu a cikin kaki suka fara koyon karatun boko da ɗan Turanci. Wanda ya so wuce nan bayan yaƙi, sai karatu ta gidan waya: makarantu irin su Wolsey Hall ta Ingila su aiko darasi a ambulan, ɗalibi ya amsa ya mayar, ya zauna jiran sakamako makonni. Amurka kuwa tun 1942 ta kafa wa sojojinta cibiya ta musamman don irin wannan karatu.

Jami'ar Shagari ba ta yi tsawon rai ba. An yi juyin mulki a ƙarshen 1983, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a Afrilun 1984. A ganina wannan babbar asara ce, kuma ƙananan sojoji na cikin waɗanda suka fi cutuwa. Hafsoshi sun samu mafita, don makarantar horar da su ta Kaduna ta fara ba da digiri daga 1985. Amma kurtun da ya fito daga Zariya, da kofur, da saje mai igiya uku, sun ci gaba da tsufa a aiki da takardar da suka shigo da ita.

Sai da Cif Olusegun Obasanjo ya dawo mulki a farar hula aka farfaɗo da jami'ar, wadda yau aka fi sani da NOUN. Ta buɗe cibiyoyi na musamman ga masu kaki, ciki har da ta sojan ƙasa a barikin Sobi da ke Ilori, da ta sojan sama a Kaduna. Obasanjo da kansa ya zama ɗalibinta bayan ya sauka, har ya kai ga digirin digirgir. Farfesa Abdalla Uba Adamu, mutumin Kano, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Da sauran aiki. Karatun yanzu ya koma kan waya da intanet, sojan da ke farautar 'yan bindiga a dazuzzukan Sakkwato da Zamfara kuwa sau da yawa ko kiran gida ba ya samu. Ya kamata shugabannin rundunar su riƙa sakin mai jarrabawa idan lokacinta ya yi. Ku kuma iyaye a Tambuwal da Kebbe da 'ya'yanku ke cikin kaki, in sun zo hutu ku tambaye su ko sun yi rajista.