Ruɗu da Halayyar Taro: Darasi Daga Satiru, 1906

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wannan maƙala za ta auna karin maganar da abin da ya auku a Satiru, wani ƙauye da ke kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, domin a gano yadda taron jama'a ke kama wani zato ya riƙe shi tamkar yaƙini.

A shekarar 1904 shugaban ƙauyen, Malam Maikaho, ya yi da'awar Mahadiyanci. Aka kama shi, ya rasu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 wani malami makaho, wanda aka sani da Ɗan Makaho, ya iso Satiru daga ƙasar da Faransa ke mulki, bayan an murƙushe wani bore a can. Wa'azinsa ya sami kunnuwan talakawa da bayin da suka gudo, mutanen da shekara uku kacal da ta wuce suka ga Daular Usmaniyya ta faɗa hannun Nasara.

Ranar 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan, Preston-Hillary, ya nufi ƙauyen da sojan doki. Satirawa suka fito da gatura da fartanya da kibau. Sojan suka kasa jera sahu a kan lokaci, dawaki suka firgita, aka kashe Turawa uku da soja 25, aka kuma ƙwace bindiga mai ruwa.

A nan ruɗu na farko ya kafu. Musabbabin nasarar kuskuren soja ne, amma taron ya fassara ta a matsayin shaidar cewa ba mai iya karya shi. Kowa ya duba fuskar maƙwabcinsa ya ga tabbaci, watau kowa ya zama hujjar ɗan'uwansa, mai shakka kuwa ya ja bakinsa. Irin wannan ta faru a Tanganyika daga 1905 zuwa 1907, inda mayaƙan Maji Maji suka sakankance cewa ruwan tsari zai mayar da harsashi ruwa.

Ruɗu na biyu a zukatan Turawa yake, kuma ba a cika ambatonsa ba. Lugard da mutanensa sun zaci Arewa duka za ta tashi, alhali Sarkin Musulmi Attahiru II da manyan fadawansa ba su goyi bayan Satirawa ba. Wannan tsoro ya sa ramuwar ta wuce kima. Ranar 10 ga Maris aka far wa ƙauyen, aka kashe mutum kimanin 2,000, aka rushe shi, aka zartar wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato. Zargi ya bazu zuwa wasu masarautu. A ƙarshen shekarar aka tuɓe Sarkin Katsina Yero, aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, sauyin da ya shafi ƙasar Katsina baki ɗaya, har Kurfi da Dutsin-Ma.

Gustave Le Bon, a littafinsa na 1895 kan halayyar taro, ya yi iƙirarin cewa mutum kan zubar da hankalinsa da zarar ya shiga cikin jama'a. Satiru ta gaskata shi ta wata fuska, ta kuma ƙaryata shi ta wata. Binciken R.A. Adeleye na 1972, da na Lovejoy da Hogendorn na 1990, ya nuna cewa Satirawa na da koke na haƙiƙa game da bauta da haraji da mulkin baƙo. Ruɗunsu yana cikin lissafin ƙarfinsu ne, kukansu kuwa gaskiya ne. Daɗin daɗawa, 'yan tsirarun jami'ai masu ilmi da ke ofis sun ruɗu kamar yadda dubban manoma suka ruɗu.

Bisa ga haka, wajibi ne manazarcin tarihi ya rarrabe abu biyu a duk lokacin da ya ci karo da labarin taro: abin da ya tara mutanen, da kuma abin da suka gaskata bayan sun taru. Wanda ya cakuɗa su zai maimaita hukuncin rahoton Razdan ne kawai.