Tsarin Dawo da Kaya Masana'anta: Misalin Karofin Ƙofar Mata

Tsarin dawo da kaya shi ne hanyar da masana'anta ke bi ta karɓo abin da ya fita daga hannunta, kamar kwalabe da jarkoki da kayan da suka lalace da ragowar aiki, domin ta gyara su, ko ta sake sarrafa su, ko ta kawar da su ba tare da cutar da jama'a ba.

Asalinsa a Kano

Wannan dabara daɗaɗɗiya ce a karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Idan ƙarfin baba ya ƙare, marina kan kwashe lakar da ta kwanta a gindin rami, su cura ta, su shanya, su ƙona. Abin da aka samu shi ne katsi. Wani kaso yakan koma cikin sabon haɗin baba, wani kuma magina su gauraya shi da gashin dabbobi da dafara su yi laso, wanda ake shafe ramukan rini da soraye da shi. Rigar da ta koɗe ma takan komo a sake rina ta, a kai ta mabuga.

Matakan kafa tsarin

Kamfanin da ke Bompai ko Sharaɗa ko Challawa yana iya bin wannan sawu:

1. Tantance kayan da za su dawo da kimar kowanne.
2. Keɓe wuraren karɓa a hannun dillalai, motar da ta kai kaya ta komo da fanko.
3. Ɗora kuɗin ajiya a kan mazubi, kamar yadda aka saba da kwalaben lemo.
4. Rarrabe na gyara da na narkarwa da na zubarwa, tare da rubuta adadinsu.

Doka da aikin hukuma

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA a 2007, kuma ƙa'idojinta sun ɗora wa mai sarrafa kaya alhakin sharar kayansa. Ya kamata dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su sa ido a kan jarkokin sinadarai da na maganin ƙwari. Idan ba su koma wurin masu su ba, sukan ƙare a gidajen karkara ana zuba ruwan sha ko man girki a ciki, alhali wanki ba ya raba su da guba.