Tarihin Ciwon Jijiyar Fuska da Hanyoyin Maganinsa

Ciwon jijiyar fuska cuta ce da ke kama jijiya ta biyar cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa; wannan jijiya ta rabu rassa uku, ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kunci, ɗaya kuma muƙamuƙi. Zafin yakan taso farat ɗaya a gefe guda na fuska kamar jan wutar lantarki, ya lafa cikin daƙiƙoƙi ko minti biyu, kuma abu kaɗan kamar tauna, asuwaki ko wanke fuska wajen alwala ya isa ya tayar da shi, abin da ya sa ake cire wa majinyata da yawa haƙora masu lafiya kafin a gano ainihin matsalar.

John Locke, likita kuma masanin falsafa ɗan Ingila, ya bayyana cutar a 1677 bayan ya duba matar jakadan ƙasarsa a Faris, sannan John Fothergill ya yi cikakken bayaninta a Landan a 1773. A tsakiyar ƙarni na 19 Armand Trousseau na Faransa ya lura cewa yadda zafin ke zuwa ya wuce ya yi kama da farfaɗiya, sai dai wannan hasashe mai kaifi ya daɗe bai yi amfani ba, domin a lokacin babu ingantaccen maganin farfaɗiyar kanta. Saboda haka likitocin tiyata suka koma ga yanke jijiyar, kamar yadda Spiller da Frazier suka yi a Amurka a 1901, aikin da yakan kawar da zafin amma ya bar rabin fuska ba ji.

Maganar Trousseau ta tabbata a 1942, lokacin da aka gwada fenitoyin, wani maganin farfaɗiya, sannan a 1962 Blom na Suwidin ya nuna tasirin kabamazefin, wanda ke hana jijiya aika saƙonni barkatai, kuma har yau shi ake fara bayarwa, alhali magungunan rage zafi irin su farasitamol ba sa yin wani tasiri.

Sanadin cutar kuwa Walter Dandy ne ya hango shi a 1934. Hausa na kiran hanyar jini da hanyar ji da suna ɗaya, wato jijiya, kuma a nan su biyun ne ke karo: galibi jijiyar jini ce ke danne jijiyar ji a gindin ƙwaƙwalwa, bugunta na cinye rigar kitse da ke lulluɓe da jijiyar jin. A 1967 Peter Jannetta ya tabbatar da haka da madubin tiyata mai ƙara girma, ya kuma yaɗa aikin da ake shiga ta bayan kunne, a ɗage jijiyar jinin, a sa ɗan matashi tsakaninsu ba tare da an yanke jijiyar ji ba. Ga tsofaffi da waɗanda jikinsu ba zai jure tiyata ba, ana amfani da allura mai zafi ko hasken radiyeshon da ake tattarawa a wuri guda.